Sanyin Hunturu Da Zafin Duniya: Ina Gardama Ta Ƙare, Ina Ta Rage?

Duk shekarar da hunturu ya yi ƙarfi a Kaduna, hazo ya lulluɓe gari, yara suka tafi makaranta cikin rigar sanyi biyu, sai tsohuwar tambayar nan ta dawo majalisu da teburin mai shayi: wai ina ɗumamar yanayin da ake ta faɗa? Da Maris ya kama, kwanon rufi ya fara ƙuna, jama'a suka koma kwana a tsakar gida daga Rigasa har Barnawa, sai baki ya juya, kowa ya ce duniya ta lalace. Masu maganar farko da masu ta biyu kuskure ɗaya suka yi. Sun ɗauki kwana goma sun yi wa shekara ɗari hukunci da su.

Harshenmu ma yana da hannu a ruɗanin. Kalmar "yanayi" guda ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu. Akwai yanayin yini, wato yau an yi hadari, gobe an yi hazo. Akwai kuma ɗabi'ar yanayin wuri, wadda ita ce ta sa manomin Saminaka ya san lokacin shuka, ta sa Kafanchan ta fi Zariya ruwa. Masana ba sa yarda su ce ɗabi'ar wuri ta sauya sai sun tara awon shekara 30 sun fitar da matsakaicinsa, sun kwatanta da na wasu shekaru 30. Hunturu ɗaya, komai tsananinsa, ɗigo ne a cikin wannan lissafi.

Yadda ake awon yana da ƙa'ida mai tsauri, kuma daga nan masu shakka suka fi samun abin kamawa. Ana ajiye ma'aunin zafi a cikin farin akwati mai tsage-tsage da iska ke ratsawa, a kan ƙafafu, tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, a fili mai ciyawa, nesa da bango da kwalta. Fenti fari ne domin kada akwatin kansa ya sha rana. Idan aka bar shi ya yi dauɗa, ko aka gina bene kusa da shi, ko aka shimfiɗa siminti a ƙarƙashinsa, lambar za ta hau ba don duniya ta ƙara zafi ba. Wannan matsala gaskiya ce, kuma ɗan Kaduna ya fi kowa saninta. Wuraren da suke gonaki da kurmi shekara arba'in da suka wuce yanzu kwano ne da bulo, masu shan zafi da rana su sake shi da dare. Saboda haka mai cewa "garin ne ya girma" bai faɗi shirme ba.

Sai dai an bi wannan zargi an duba. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Richard Muller, wanda shi kansa yake shakkar lissafin hukumomi, ya haɗa tawaga a Berkeley suka sake tattara awon dubban tashoshi, suka ware na ƙauye daban da na birni. A 2011 da 2012 suka fitar da sakamako: tashoshin karkara ma hawa suke yi, kusan daidai da sauran. Ban da haka, kashi 70 cikin ɗari na doron duniya teku ne, inda babu kwalta babu janareta, kuma can ma zafin yana ƙaruwa. Akwai na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekuna, suna nutsewa zurfin mita 2,000 su taso su aika da awo ta tauraron ɗan'adam. Ƙanƙarar kan duwatsu tana ja da baya, teku ya tashi kimanin santimita 20 daga 1900. Shaidun da ba su haɗa hanya ba sun faɗi magana ɗaya.

Lambar ita ce: tsakanin 2011 da 2020 duniya ta fi matsakaicin 1850 zuwa 1900 zafi da digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. A kan tudu ƙarin ya kai kusan 1.6, a teku kusan 0.9, don ruwa yana da nauyin ɗaukar zafi. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta kai kusan digiri 1.55 sama da wancan ma'auni, kuma zuwa ƙarshen wannan shekara, shekaru goma mafi zafi tun da aka fara rubutawa su ne 2015 zuwa 2024, a jere.

An daɗe ana yawo da wata hujja cewa ɗumamar ta tsaya tun 1998. Dabarar tana cikin zaɓen shekarar farawa. A 1998 an yi gagarumin El Nino, wato lokacin da gabashin tekun Fasifik ke sakin zafin da ya tara zuwa cikin iska, shekarar ta yi tsalle sama da 'yan'uwanta. Wanda ya fara layinsa daga saman tsalle dole ya ga shekarun da suka biyo kamar sun kwanta. Tamkar ɗan kasuwa ne ya fara lissafin ciniki daga jajibirin salla, sannan ya ce kasuwa ta mutu. A duk tsawon waɗancan shekaru teku bai daina tara zafi ba, kuma shi ke shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin. Da 2015 da 2016 suka zo, maganar ta mutu da kanta.

To me ya kawo zafin? Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Waɗannan biyun hasken rana yana ratsa su ya sauka, zafin da ƙasa ke mayarwa sama shi ma ya ratsa su ya fice. Iskar kabon-dayoksaid, wadda za mu riƙa kira iskar kabon, da tururin ruwa da iskar mitan, su ne ke barin hasken ya shigo amma su tare wani ɓangare na zafin da ke fita. Ba don su ba, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon 15 da muke da shi. Ilimin ba sabo ba ne. Masanin kimiyya John Tyndall ya gwada shi a ɗakin bincike a 1859, wani masanin, Svante Arrhenius, kuma ya lissafa abin da ninka iskar zai haifar tun 1896, zamanin da Turawa ba su ma kafa garin Kaduna ba. Wanda ke ganin maganar ƙirƙira ce ta 'yan siyasar wannan zamani sai ya duba waɗannan shekaru.

Ɗan Kaduna yana da gwajin da yake gani da fatarsa kowace shekara. Daren Janairu iska a bushe take, babu tururi, zafin rana ya tsere sama nan da nan, asuba ta yi sanyi mai shiga ƙashi. Daren ƙarshen Afrilu kuwa, da iskar kudu ta kawo laima, zafin ya maƙale, gumi ya hana barci. Wannan aikin tururi ne. Iskar kabon irin aikin take yi, illa ita ba ta zuba ta zama ruwan sama bayan kwana tara ko goma kamar tururi. Wani kaso nata yana zama a sama ɗaruruwan shekaru.

Masanin kimiyya Charles Keeling ya fara auna yawan iskar kabon a kan dutsen Mauna Lowa na Hawai a 1958, ya samu kashi 315 cikin miliyan. A 2013 ta taɓa 400. A 2024 matsakaicin shekara ya kai wajen 424. Kafin zamanin masana'antu 280 ne. Mun san haka ne daga ƙanƙarar Antatika, a ƙurewar kudancin duniya, inda dusar ƙanƙara ke danne ta bara shekara bayan shekara, tana kulle ƙananan kumfa na iskar lokacin a ciki. An haƙa rami mai zurfin fiye da kilomita uku, an ciro sandunan ƙanƙara da suka kai shekara 800,000, an fasa kumfan an auna. A duk tsawon wannan zamani lambar tana kai-komo ne tsakanin 180 da 300.

Wasu kan ce 424 cikin miliyan ai bai taka kara ya karya ba. A buhun masara uku akwai ƙwaya kusan miliyan ɗaya, 424 kuwa cikin gwangwanin madara guda ne. Gaskiya kaɗan ne. Amma tunda sauran buhunan ba sa tare zafi ko kaɗan, duk aikin yana kan ɗan gwangwanin da 'yan'uwansa, kuma mun ƙara masa rabin abin da yake da shi. Mai feshin gona ya san murfin kwalba na magani a cikin lita 16 na ruwa shi ke kashe ciyawa, kuma in ya ƙara rabi a kai zai ga bambanci a ganye.

Cewa daga hannun mutum ƙarin ya fito, wannan ma an tabbatar ta hanyoyi da yawa. Hanya mafi sauƙi lissafin mai shago ce. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana ba da kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kilo 2.7. Abin yana ba mutane mamaki, don litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma kabon ɗin da ke cikinta yana haɗuwa da oksijin na iska, nauyinsa ya ninka fiye da sau uku da rabi. Janaretar da ta sha lita biyar a dare ta saki fiye da kilo 11. In aka tara kwal da mai da gas da siminti na duniya, a 2024 an samu wajen tan biliyan 37 na iskar kabon. Abin da ke ƙaruwa a sama kusan rabin wannan ne, sauran teku da itatuwa ke shanyewa. Wato halitta taya mu kwashewa take yi. Duwatsu masu aman wuta da ake yawan ɗora wa laifi, abin da suke fitarwa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba. Babban amansu ma sanyaya duniya yake yi: bayan dutsen Pinatubo na Filifin ya fashe a 1991, ƙurar kibiritu da ya watsa ta rage zafin duniya da kusan rabin digiri na tsawon shekara biyu.

Akwai kuma tambari a jikin iskar kanta. Kabon yana da nau'o'i, ɗaya daga ciki mai lamba 14 yana lalacewa da tsufa, don haka babu shi sam a cikin kwal da man da suka yi miliyoyin shekaru a ƙasa. Awo ya nuna kason wannan nau'i da na mai lamba 13 yana raguwa a sama daidai yadda zai ragu in tsohon kabon ne ke shiga. Rana kuwa, tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna ƙarfinta. Tana hawa da sauka da kusan kashi 0.1 cikin ɗari a zagayen shekara 11, ba tare da ƙaruwa ba. Da ita ce sila, da sararin sama na can ƙoli ya ɗumama tare da na ƙasa. Abin da aka gani shi ne ƙasa na zafi, ƙoli na sanyi, alamar zafin da aka tare a hanya.

Masu cewa komai ikon Allah ne sun faɗi gaskiyar da Musulmi da Kirista na wannan jiha suka yarda da ita. Sanin sababi bai kore ta ba, kamar yadda sanin sauro ne ke kawo zazzaɓi bai hana kowa addu'a ba, bai kuma hana shi ɗaura gidan sauro ba.

Hujja mafi nauyi a hannun masu shakka ita ce yanayi ya sha sauyawa tun kafin a ƙera mota. Haka ne, kuma shaidar tana nan kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwale, aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. A wancan zamani, daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara tana da ciyawa da tafkuna da dorina, tafkin Cadi kuwa ya ninka na yau sau da yawa. Dalilin sananne ne. Karkatar duniya da siffar hanyarta a kewayen rana suna sauyawa a hankali, a zagaye na kusan shekara 21,000 da 41,000 da 100,000, sai rabon hasken rana tsakanin arewa da kudu ya canza, damina ta matsa ko ta ja. Ana lissafa waɗannan zagaye daidai, kuma inda suke yanzu ba ɗumama suke turawa ba.

A cikin ƙanƙarar Antatika an ga cewa a wasu lokutan zafi ne ke fara tashi, iskar kabon ta biyo baya da 'yan ɗaruruwan shekaru. Daga nan wasu suka ce ashe zafi ne ke haifar da iskar. Duka biyun suna faruwa. Zagayen duniya ya ɗan ɗumama teku, teku mai ɗumi ya saki iskar da ya riƙe, kamar lemon kwalba da aka bari a rana, iskar ta ƙara zafin, zafin ya ƙara sakin iska. A da ita ce mai rura wutar da wani ya kunna. Yanzu mu muka fara da ita kai tsaye. Bambancin da ya fi tayar da hankali shi ne gudu: fita daga zamanin ƙanƙara na ƙarshe ya ɗaga zafi da digiri biyar zuwa shida cikin kusan shekara 10,000, yanzu kuwa muna tafiya da wajen digiri 0.2 a kowace shekara goma.

Inda gardama ta gaskiya ta rage, tsakanin masana su kansu, wurare biyu ne. Na farko, digiri nawa za a samu in iskar ta ninka 280 zuwa 560. Ita kaɗai za ta ba da digiri ɗaya da 'yan kai. Sauran yana zuwa ne daga abin da ya biyo baya: iska mai ɗumi tana ɗaukar ƙarin tururi kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri, farar ƙanƙara mai mayar da haske ta narke ta bar baƙin ruwa mai shanye shi. Gajimare ne ke da wuyar sha'ani, domin na ƙasa-ƙasa inuwa yake yi, na can sama kuma rufi. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsaya a kan digiri 2.5 zuwa 4, mafi rinjaye 3. Tsakanin 2.5 da 4 akwai tazarar da za ta iya raba noma mai wahala da noman da ba zai yiwu ba a wasu wurare.

Na biyu shi ya fi shafar mu, wato makomar damina a yankin Sahel da arewacin Najeriya. A nan lissafin kwamfutoci bai haɗu ba. Fari na 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, wanda ya janye tafkin Cadi daga murabba'in kilomita 25,000 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, bincike ya danganta shi da bambancin zafin tekun Atlantika ta arewa da ta kudu, har da hannun hayaƙin kibiritu na masana'antun Turai da Amurka. Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan dawo, amma da sabuwar ɗabi'a. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Jimillar shekara tana iya zama daidai, alhali ruwan ya zuba a 'yan kwanaki, ya wanke taki, sannan a yi mako biyu ba ɗigo.

Masu cewa iskar kabon abincin tsiro ce su ma sun kama gefen gaskiya, sai dai gefen bai faɗo wajenmu sosai ba. Shinkafa da waken suya da gyaɗa suna ƙaruwa da ita in akwai ruwa da taki. Masara da dawa da gero da rake tsarin ganyensu daban ne, sun riga sun iya tara iskar da kansu, ƙarin bai cika yi musu wani amfani ba. Zafi kuwa yana cin masara kai tsaye. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 a Afirka ya gano cewa kowane yini da zafi ya haura 30 da digiri ɗaya yana rage amfani da kusan kashi 1 cikin ɗari, in da fari kuma 1.7. Lokacin da ya fi haɗari shi ne fitar bunu da gemu: zafin da ya wuce 35 yana kashe ƙurar bunu, gemu ya bushe kafin ya karɓa, a ɓare goyo a tarar da giɓi. Ga jihar da Lere da Giwa da Soba ke ciyar da kasuwannin masara na ƙasa, wannan ya fi ƙarfin muhawarar majalisa.

Akwai wani kuskure daga ɗaya ɓangaren da ya kamata a faɗa ba tare da kara ba. Yanzu duk abin da ya lalace sai a ce sauyin yanayi, kuma kalmar tana zama mafakar masu sakaci. Kogin Kaduna ya yi ambaliya a 2003 da 2012, kuma duk wanda ya san bakin kogin ya san an yi gini a hanyar ruwa, magudanai sun cika da leda da yashi. Motocin gawayi da ke shigowa gari kullum suna gaya mana inda inuwar dazuzzukanmu ta tafi. Ɗumamar duniya tana ƙara nauyin ruwan da ke zuba, amma ba ita ta ba da fili a fadama ba. Haka kuma bai dace a ɗora wa mai dafa tuwo da itace nauyin da ba nata ba: Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke kuwa wajen 14. Raba laifin gida da na waje shi zai nuna wanda gwamnatin jiha da masu unguwanni za su iya gyarawa bana, da wanda sai an je teburin yarjejeniyar rage hayaƙi da ƙasashen duniya suka ƙulla a Faris a 2015.

Babban giɓinmu ƙarancin awo ne. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana da tashoshi, cibiyar binciken noma ta Samaru ta daɗe tana ajiye lissafin ruwa, amma faɗin jihar ya fi ƙarfin 'yan tashoshi, ga shi hadari yana iya zuba a Kawo ya tsallake Kakuri. Makarantar sakandare ko ƙungiyar manoma za ta iya cike wani abu da kuɗi kaɗan. A samu mazubi mai miƙaƙƙen jiki, faɗin bakinsa daidai da na gindinsa, a kafa shi a tsaye a fili, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kowace safiya a lokaci ɗaya a auna zurfin ruwan da rula, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Masana noma a wannan yanki sukan ɗauki damina ta sauka ne in an samu milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba a watan da ya biyo. Abin da ya fi ɓata irin wannan littafi shi ne barin gurbi a ranar da ba a yi ruwa ba. Dole a rubuta sifiri, domin bayan shekara goma ba mai iya bambance ranar fari da ranar da mai awon ya tafi kasuwa.